Kafin ka sayi na'urar gwajin aluminiyam a ruwa

Masu fiya wata da masu tace ruwan rafi da alif, don Allah a daina yaudarar kai da ɗan biron TDS ɗin nan, shi gishirin da ya narke gaba ɗaya yake aunawa, ba zai gaya maka aluminiyam nawa alif ya bari ba. Iyakar da Najeriya ta sa a ruwan sha 0.2 ne, wato miligiram a lita, ruwan wankin ƙoda kuma 0.01. Takardar tsomawa irin Quantofix daga 5 take farawa, to ka ga ita ma ba ta da amfani a nan.

Mu zo kan gwajin lantarki, voltametri, wanda ake ta tambaya ta a kai. Gaskiya yana da kyau, yana kamo abin da bai kai 0.01 ba, amma fa aluminiyam ƙarfe ne mai taurin kai, kafin ya zauna a kan ilektrod, wato bakin na'urar da ke taɓa ruwan, sai lantarkin ya fara fasa ruwan kansa haidurojin ya yi ta tasowa ya ɓata karatun, shi ya sa sai an zuba wani sinadari kamar alizarin ko kupferon ya riƙe shi, haɗin nan ne ke mannewa a auna. Kenan pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, sai ya daidaita, ga kalibireshin, wato saita na'urar, kullum. Manyan na'urorin voltametri na tebur irin na kamfanin Metrohm da yawa ɗigon makuri, wato zaiba, suke amfani da shi, ka tanadi inda za ka zubar da shi don guba ne. Ƙanana irin PalmSens suna shiga aljihu, ilektrod ɗinsu bugagge ne a yi amfani a yar, sai dai ka tambayi dila ko yana kawo su a kai a kai kafin ka biya.

Ni dai in ba ka da mai ilimin kemistiri a wurinka, fotomita, na'urar da ke auna launin ruwa, ka saya. Ka zuba hoda, ruwan ya yi ja-ja, ka karanta. Hanyar hodar Aluminon ta kamfanin Hach na kaiwa 0.8, ta hodar ECR ta fi kama ƙaramin adadi, 0.002 zuwa 0.25. Matsalarsu fuloraid, wani sinadari da ake samu a ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana rage karatu, masu bohol a yankuna irin su Tibiri a Nijar da Kaltungo a Gombe, inda yake da yawa, ku auna shi tukuna.

Ruwan wankin ƙoda kam a kai lab mai ICP, babbar na'urar auna ƙarafa a ruwa. Kuma samfur a robar da aka wanke da asid ake ɗiba, ba kwalba ba.