Sharhi: akwatin gwajin motsin farantan ƙasa a ajin labarin ƙasa

Akwatin na katako ne, tsawonsa kamu biyu, gabansa gilashin roba. A ciki akwai fallen soso biyu, siriri da mai kauri, a kan bel, da mariƙi a gefe. Da shi muke koyar da ɗaliban babbar sakandare a Gusau yadda farantan ɓawon ƙasa, wato manya-manyan ɓangarorin da ɓawon duniya ya kasu, ke motsi.

Wajen nuna rabuwa ba shi da na biyu. Ana juya mariƙin hagu, soson ya dare, jan ƙyalle ya ɓullo ta tsakiya, kamar yadda narkakken dutse ke fitowa a tsakiyar tekun Atlantika, inda farantai ke nisantar juna da santimita 2 zuwa 5 a shekara. A juya dama kuma, siririn fallen ya nutse ƙarƙashin mai kauri. Nan maƙerin ya kyauta. Ɓawon teku kaurinsa kilomita 5 zuwa 10 ne, na tudu 30 zuwa 50, amma dutsen na teku ya fi nauyi, shi ya sa shi ke nutsewa, kamar farantin Nazka na tekun Fasifik a ƙarƙashin Kudancin Amurka. Gogar gefe da gefe, irin ta Kalifoniya, ba ya nuna ta.

Abin da ya fi damun mu shi ne jan fentin da aka shafe cikin akwatin da shi. Yaro na gani sai ya ɗauka farantai a kan ruwan wuta suke iyo. Ba haka ba ne. Abin da ke ƙarƙashinsu daskararren dutse ne, zafi da matsi ke sa shi malala sannu a hankali. Dole malam ya faɗi wannan kafin ya taɓa mariƙin.

Sannan babu karon tudu da tudu, irin na Indiya da Asiya da ya tayar da tsaunukan Himalaya, alhali shi ya fi shafar mu. Irin wannan karo, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, shi ya nannaɗe duwatsun Anka da Maru da Zuru, inda ake haƙar zinariya a yau. Dutsen Kwatarkwashi ma narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, zaizaya ta tono shi. Ga yadda ake cike giɓin: a cire soson, a shimfiɗa yashi mai ɗan danshi kaurin yatsa biyu, a barbaɗa toka, a maimaita sau uku, sannan a tura da allo a hankali. Layukan za su lanƙwashe su hau juna a jikin gilashin. Idan yashin ya jiƙe da yawa, dunƙule zai tafi, ba zai lanƙwasa ba.

Ƙurar hunturu na sa bel ɗin sulɓi, zafin bazara kuma na sakin gam ɗin soson. A riƙa rufe shi da zane, a ɗinke soson da zare tun ranar farko. Makarantar da ke da hali ta saya, amma ta tanadi yashi da toka.