Mai sauraren hira ko mai ɗaukar shifta: wanne ya dace da asibiti a Jos?

Dakta, kin ce rubutun fayil yana cinye miki dare a ƙaramin asibitinki na Titin Bauchi, kina tambaya wace manhajar AI za ki ɗauka: wadda ke sauraren hirarki da majinyaci ta rubuta da kanta, ko wadda za ki karanta mata bayan ya fita. Na gwada duka biyun, kuma ni dai a Jos na tsaya kan ta biyu.

Mai sauraren hira ita ake yayi yanzu a Amurka da Turai. Akwai Abridge, da Nabla ta Faransa, da Heidi ta Ostareliya, da Dragon Copilot na Microsoft, wanda ya sayi kamfanin Nuance, mai asalin manhajar Dragon, kan kusan dala biliyan 20 a cinikin da aka kammala a 2022. Ki ajiye waya kan tebur, ki duba majinyaci ido da ido, kafin ya ɗaura takalmi ta tsara miki ƙorafinsa da abin da kika gani da maganin da kika ba shi. Ranar da na gwada ta da wani malamin jami'a da muka yi Turanci tun daga gaisuwa har sallama, wallahi ta burge ni.

To amma majinyata nawa ne irin wannan a layinki? A nan Babirom da Bangas da Bafulatani duk da Hausa suke gaya mana ciwonsu, a tsoma Turancin buroka, ɗiya ta katse uwarta ta gyara mata zance, fayil kuwa dole da Turanci. Wata dattijuwa ta zo min idonta ya yi ɗorawa, ta ce "Likita, shawara ce ke damuna." Manhajar ta rubuta cewa ta zo neman shawara. Ko da ta ji kalmar daidai, aikin bai ƙare ba. Mace ta ce miki "sanyi", wanne take nufi, na mara ko na gaɓoɓi? Namiji ya ce "basir", zubar jini ne, ko taurin bayan gida, ko abin da kunya ta hana shi faɗa? Sai kin bi da tambaya uku ko huɗu, kina kallon fuska, kafin ki gane. Wannan tafintancin a kanki yake faruwa, na'ura ba ta jin sa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda ba ta ji ba, ba ta barin gurbi, sai ta cike da zance mai kama da gaskiya. A Oktoba 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito masu bincike sun kama Whisper, tsarin mayar da magana rubutu na kamfanin OpenAI, wanda wasu manhajojin asibiti suka ginu a kai, yana ƙago jimlolin da babu wanda ya furta. Da Turanci ke nan fa.

Mai ɗaukar shifta ba ta da wannan ƙyalƙyali. Majinyaci ya fita, ki ɗauki minti ɗaya ko biyu ki faɗi abin da kika riga kika tace, ta mayar da shi rubutu. Cikasta a da shi ne lafazinmu, domin irin su Dragon Medical One da kunnen Bature aka raine su. Shi ya sa nake ba ki shawarar ki duba Intron Health, wanda likita ɗan Najeriya, Tobi Olatunji, ya kafa, aka horar da shi da muryoyin 'yan Afirka. Asibitin koyarwa na UCH Ibadan ya yi amfani da shi wajen rubuta sakamakon hoto.

Sai batun amana. Mai saurare muryar majinyaci take ɗauka, har da sirrin aurensa, kuma galibi ta aika rumbun kwamfuta a ƙetare. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje. Dole ki nemi yardar kowa, kuma na ga yadda matar aure ke kama bakinta da zarar ta ji ana naɗa. A shifta muryarki ce kawai, kina iya kiran lambar kati ki bar suna.

Duka biyun suna son intanet, sai dai sautin minti biyu ya fi na minti ashirin saurin wucewa ranar da sabis ke rawa. Ki tambayi kuɗin wata ma, da dala ne ko da naira.

Kafin ki biya ko kwabo, ki ɗauko tsofaffin fayil goma ki karanta mata a ɗakin da kike aiki, janareta na ruri, ba a gida cikin shiru ba. Ki sa ido kan sunayen magunguna da awo, musamman 15 da 50, domin a bakinmu kusan ɗaya suke fita da Turanci. Idan ta ci wannan, ki fara da masu hawan jini da ciwon suga da ke dawowa duk wata, kuma kada ki sa hannu kan layin da idonki bai bi ta kansa ba.