Mai gyaran hamishin da ake ta yabo a Madina

Ɗalibai 'yan uwana na nan Madina sun san mutumin da nake nufi, wanda ake biya ana tura masa risala (kundin binciken digiri) ta WhatsApp ya daidaita hamishi (bayanin madogara a ƙasan shafi) da fihirisa (jerin da ke nuna shafin da kowane abu yake). Ni ma na ba shi babi biyu na risalata ta majistir (digiri na biyu) a fiƙihu, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Da aikin ya dawo, wallahi na ji daɗi. Fihirisar ayoyi da ta hadisai sun fito tsaf, rubutu ya zauna daidai. Sai da na kai wa mushrif ɗina, shehin da ke duba risalata, abin ya tonu. Duk inda littafi ya maimaitu, mutumin nan ya goge sunansa ya rubuta "almarji'us sabiƙ", wato littafin da ya gabata. To ai wannan kalma ba ta aiki sai in littafin da ake nufi shi ne na hamishin da ke sama da ita kai tsaye. Shi kuwa ya watsa ta ko'ina, har inda wani littafi ya shiga tsakani. A mas'alar shafar kai a alwala, maganar malamin Malikiyya ta koma jingine ga littafin Hambaliyya. Shehin ya ɗauko juzu'in daga kanta, ya buɗe shafin, babu ita babu alamarta. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, da wannan za ka shiga munaƙasha?" Munaƙasha ita ce zaman kare risala. Jingina wa malami abin da bai faɗa ba cin amanar ilimi ne, kuma sunana ne a bangon risalar, ba na mai gyaran ba.

Da na ɗan huce na ce to, a ba shi fihirisa kawai, a nan ya iya. Amma da na zauna bin hamishin ɗaya bayan ɗaya, na janye wannan ma. Ya cire bayanin bugu a wurare da dama, alhali lambar shafi tana canzawa daga bugu zuwa bugu. A hadisan Sahihu Muslim na bi lambobin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, shi ya cakuɗa su da na wani tsari daban, ya kuma share sunan babi, wai hamishi ya yi tsawo. Ke nan fihirisar hadisan da na yaba ita ma a kan lambobin kuskure ta tsaya.

Na yi masa magana, ya ce gyara sabon aiki ne, sai na ƙara riyal. Ban ƙara ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, ba. Sauran babukan da hannuna nake yin su a ɗakin karatun Masallacin Annabi, littafi a buɗe a gabana.