Sharhi: Ausonius na Loeb, juzu'i na ɗaya, ga mai son nazarin waƙar faci ta Latin

Wanda zai fara nazarin "cento", wato waƙar da ake ɗinkawa da baitocin wani mawaƙi, da wuya ya tsallake wannan littafi. Shi ne na 96 a jerin Loeb na maɗaba'ar Jami'ar Harvard, fassarar Hugh Evelyn White ta 1919. Ƙarami ne mai jar bango, Latin a shafin hagu, Turanci a dama. Waƙar da muke nema tana can ƙarshe, littafi na 17: Cento Nuptialis, layi 131, wadda Ausonius mutumin Bordeaux ya haɗa a ƙarni na 4 bisa umarnin Sarkin Roma Valentinian na ɗaya, a kan ɗaurin aure, kuma kowane layi nata daga waƙoƙin Virgil, babban mawaƙin Roma, aka ciro shi.

Abin da ya fi daraja a ciki shi ne wasiƙar da Ausonius ya rubuta wa abokinsa Paulus a matsayin gabatarwa, domin a nan ya shimfiɗa ƙa'idojin sana'ar. Ana yanka layi a inda karin waƙa ke numfasawa, a haɗa rabi da wani rabin daga wani wuri dabam, ko a ɗauki layi guda da rabin na bayansa. Ɗaukar cikakkun layuka biyu a jere rashin gwaninta ne a wurinsa, uku kuwa shirme. Mai tahamisi yakan ƙara nasa a kan baitin wani. A nan ba a yarda mawaƙi ya zuba nasa ba.

A duba layi na uku: "ambo florentes, genus insuperabile bello". Rabin farko daga waƙar makiyaya ta 7 ta Virgil yake, layi na 4, inda ake yabon wasu makiyaya biyu da ke kan ganiyarsu. Rabi na biyu daga Aeneid ne, doguwar waƙarsa ta jarumta, littafi na 4, layi na 40, inda Anna ke tsoratar da 'yar'uwarta Dido da mutanen Gaetuliya waɗanda ba a cin su da yaƙi. Da aka haɗa su, sai suka zama kirarin sarki da ɗansa Gratian. Bugun yana nuna asalin kowane yanki, kuma wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Matsalar ita ce shafin dama. Fassarar tana tafiya sumul, ɗinkin ya ɓace, mai karanta Turanci kaɗai zai ɗauka waƙar biki ce kawai, ba ma mai armashi ba. Daɗin yana wurin sanin daga ina aka yago kowane ƙyalle. Saboda haka a ajiye Virgil a gefe, a ja fensir a mahaɗar kowane layi, a koma a karanta layuka biyar kafin yankin da biyar bayansa a inda aka ɗauko shi. Aiki ne mai cin lokaci. Wanda bai iya auna ƙafafu shida na karin ba, wato sassa shida da kowane layi ya kasu, zai riƙa sa alamar a gurbin da ba nata ba, don haka a fara da koyon awon.

Sashen ƙarshe, na daren farko, mai fassara ya bar shi da Latin saboda batsarsa. Har layin da Virgil ya siffanta dodon nan mai ido ɗaya, Polyphemus, an ja shi zuwa ɗakin amarya.

Nassin ma ya tsufa. Mai rubuta kundin digiri ya nemi bugun R. P. H. Green na Oxford, 1991. Waƙar faci ta mawaƙiya Proba mai layi 694, wadda ta ba da labarin halitta da rayuwar Almasihu da baitocin Virgil, ba ta ciki, sai a neme ta dabam. Ga wanda aljihunsa bai kai ba, hoton bugun 1919 yana intanet kyauta.