Furannin ba su da laifi, takardar cikin kwalin ce ta cuce ni

Furannin da masu sayar da kwalin fure suka aiko min dai ba su da makusa, wannan kam ba zan ɓoye ba. Kwalin nan ne da ake ta tallarsa idan biki ya ƙarato, wanda ake haɗo miki komai ki shirya adon teburinki da hannunki: jan wardi, fararen lili da ba su gama buɗewa ba, kaneshan, ganyen turare, doguwar tasar da za a jera su, koren soson fure da ake jiƙawa a kafa karan furanni a ciki, da ɗan ƙullin garin da ake zubawa a ruwa. Da na buɗe, karan wardin nan a miƙe ƙyam, kan kowanne an sa masa 'yar raga, ganyen da sauran sanyi a jikinsa. Ko ɗaya bai karye ba. In aka tuna cewa wardin da ake sayarwa a duniya da yawansa daga gonakin gefen tafkin Naivasha na Kenya ko daga Kolombiya da Ekwado ake yanko shi, wani ma sai ya biya ta kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan, dole a yaba wa wanda ya tattara kayan.

To amma sai ga takardar bayani. A jikinta an rubuta ƙarara cewa a danna soson cikin ruwa da hannu, a riƙe shi har ya daina fitar da kumfa, sannan a sa shi a tasa. Haka na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Na yanke kowane kara a karkace, na zage ganyen ƙasa, na fara da ganyen turare a gefe-gefe, lili a tsakiya, wardin kuma na rarraba shi yadda duk inda mutum ya zauna zai ga ja. Wallahi ya yi kyau. Sai da na ɗauki hoto na tura wa 'yan uwa kafin in kwanta.

Da safe, ranar da baƙi za su zo, na fito falo na tarar da wardin tsakiya duk sun sunkuyar da kai, wuyansu ya lanƙwashe daidai ƙarƙashin furen. Na bakin tasa kuwa lafiya lau. Na zaro ɗaya, sai na ga bakin karan a bushe, da ɗan koren gari a manne. Raina ya ɓaci, na kwashe furannin duka, na sa wuƙa na raba soson biyu. Bayansa ya jiƙe sharkaf, ya yi kore shar, amma cikinsa fari-fari ne, busasshe ƙamas, yana marmashewa a yatsa kamar busasshiyar ƙasa. Ashe dare guda furannin nan suna tsaye ba su sha ko ɗigon ruwa ba.

Wata ƙawata mai aikin kwalliyar wurin taro na kira. Tana jin yadda aka jiƙa soson ta yi salati. Ta ce soson nan cike yake da ƙananan ramuka masu iska, ɗora shi ake yi a saman ruwa a ƙyale shi ya nutse da kansa, ruwa na hawa ta ƙasa iska na fita ta sama, minti ɗaya ko biyu ya gama. Da zarar an danna shi, ko an kwarara masa ruwa daga sama, bayan ya jiƙe ya kulle iskar a ciki, shi ke nan tsakiyar ba za ta sha ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Tun 1954 aka ƙirƙiro wannan soso a jihar Ohio ta Amurka, duk mai sana'ar fure ya san yadda ake jiƙa shi, amma a ce masu sayar da shi su buga akasin haka su saka wa mutane a kwali?

Ita ce ta nuna min yadda zan ceto su. Na sake datse ƙasan kowane kara a cikin ruwa don kada iska ta kuma shiga, na naɗe kawunan da takarda su tsaya a miƙe, na tsoma su a bokiti mai zurfi. Kafin azahar yawancinsu sun ɗago, wasu kam sun tafi. Soson na ajiye gefe, na ɗauko faffaɗan gilashi na yi masa gicciye-gicciye da salatif a baki, na jera su a ramukan. Garin nan nasu ya yi amfani, ban raina shi ba: sukari ne da ke ciyar da furen, da ɗan tsami mai sa ruwa ya hau kara da sauƙi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kaneshan ɗin kuwa ko gezau ba su yi ba, sun sha wuya sun tsaya. A nan zuciyata ta ɗan yi sanyi, har na ce watakila zan sake yin oda.

Sai lili suka buɗe. Ƙamshi ya cika ɗaki, amma garin nan mai ruwan lemo da ke kan tsinkayen tsakiyarsu ya zubo a kan farin mayafin teburina. Takardar ba ta ce uffan ba a kan cewa ana tsinke waɗannan kawunan da zarar fure ya buɗe. Allah Ya sa ƙawar tawa tana nan, ta hana a goga masa ruwa, ta ɗebe shi da salatif a hankali, duk da haka tabo ya zauna. Kuma babu inda suka rubuta cewa lili guba ce ga mage, ko garin furen kawai ta lasa yana iya lalata mata ƙoda. Gida nawa ne ke da mage, jama'a? Layi ɗaya ya ishe su faɗin wannan.

Na tura musu hoton soson a rabe da na takardar tasu. Amsar da na samu ita ce wai ɗakina ne ya cika zafi, kuma za su rage min wani abu in na sake saye. Zafin ɗaki ne zai zaɓi na tsakiya ya bar na gefe? Zafin ɗaki ne ya busar da cikin soso ya bar bayansa a jiƙe?

Ni yanzu soson ma ya fita a raina. Roba ce, ba ya ruɓewa, marmashinsa na bin ruwa ya tafi, shi ya sa ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya ta hana amfani da shi a bukukuwan nunin furanninta, har da na Chelsea, tun daga 2021. Gilashi da salatif sun yi min aikin, kuma ina neman ɗan ƙarfen nan mai allurai da Japanawa ke kafa fure a kai, kenzan. Da za su riƙa sayar da furannin zalla, da na saya. Na sake rubuta musu cewa ba ragi nake so ba, takardar nake so su gyara kafin ta ɓata wa wata ranar bikinta. Har yanzu shiru, ga shi kuma suna ta tallar kwalin.