Yamaha R3 ko Kawasaki Ninja 400: wanne ya fi dacewa da titi?

Matasa sun dame ni da wannan tambaya, to ga abin da na gani.

Dukansu babura ne masu silinda biyu, tanki lita 14, nauyinsu kuma kusan ɗaya. A inji suka rabu. R3, wanda ya fito a 2015, girman injinsa cc 321 ne, sai ka murɗa masa wuta sosai kafin ya nuna ƙarfinsa. Ninja 400 na 2018 kuwa cc 399 ne, yana ja tun daga ƙasa, ba sai kana ta sauya giya a cunkoso ba. Kulocinsa ma laushi gare shi, hannu ba ya saurin gajiya. A cikin gari wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma R3 ya fi ladabi ga sabon hannu, kuma tun 2019 da aka sauya masa shakazoban gaba ya ƙara natsuwa a kwana.

Batun kuɗi, kafin ka biya ka tambayi makanikenka wanda kayan gyaransa suka fi samuwa. Kawasaki ya maye gurbin Ninja 400 da Ninja 500 a 2024, don haka galibi na hannu za ka samu.

Mai koyo da ke son tafiya sannu, R3 ya ishe shi. Wanda hannunsa ya faɗa, yake kuma hawa babban titi, ya ɗauki Ninja.