Wasiƙa daga Tooting: yadda aka kayar da masu mulkin shekara 44

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata an yi Sallah lafiya, Allah Ya maimaita mana. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana hannun mai zuwa ƙarshen wata.

Ka ce in ba ka labarin zaɓen da ka ji ana yi a rediyo, tunda kai da siyasar ƙaramar hukuma sai Allah. An yi shi ranar Alhamis 5 ga Mayu, 2022, kwana uku bayan Sallah. Landan na da ƙananan hukumomi 32, kowace shekara huɗu ake zaɓen kansilolinsu. Tamu sunanta Wandsworth, ita ta haɗa Tooting da Battersea da Putney. Tun 1978 take hannun jam'iyyar Conservative, har ana yi mata kirari da 'yar lelen tsohuwar Firaminista Margaret Thatcher. Wayewar garin Juma'a sai ga jam'iyyar Labour da kujera 35 cikin 58, Conservative 22, ɗan takara mai zaman kansa ɗaya. Ƙaramar hukumar Westminster ma, wadda tun kafa ta ba ta taɓa barin hannun Conservative ba, ta faɗi. Ta Barnet ma ta faɗa hannun Labour.

Ni ma na jefa ƙuri'a, kar ka yi mamaki. Ɗan ƙasashen Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, da ke zaune bisa ƙa'ida yana da wannan dama, Najeriya kuwa tana ciki. Ba a ba da hutu ba, ba a hana zirga-zirga ba, ban ga soja ko ɗaya ba. Rumfa na buɗe daga bakwai na safe zuwa goma na dare. Na biya bayan na tashi aiki, na faɗi sunana da adireshina, wata dattijuwa ta ja layi a kan sunan ta miƙo mini takarda. Da fensir ake dangwalawa, fensir ɗin ma an ɗaure shi da zare. Ba tawada a yatsa, ba a tambaye ni kati ba, ko da yake a lokacin an riga an yi dokar da za ta sa a fara tambaya daga baya. Minti biyar ban yi ba na fito. Abin da zai ba ka dariya, da duk wannan sauƙin ko rabin masu rajista ba su fito ba.

Sai da na zauna a nan na gane dalilin da ya sa kujerar kansila take da zafi. Kuɗinka ake ci kai tsaye, kana gani. Kowane gida yana biyan harajin ƙaramar hukuma, mai haya ne ke biya ba mai gida ba, yawanci kashi goma daga Afrilu zuwa Janairu. An kasa gidaje aji takwas, daga A zuwa H, bisa darajarsu ta shekarar 1991. Wanda yake zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari. In ka ƙi biya, takardar kotu ce za ta sallama maka. A Wandsworth a 2022 harajin gida mai aji D bai kai fam dubu a shekara ba, yana cikin mafi arha a duk Ingila, kuma da wannan tutiyar Conservative suka yi ta cin zaɓe. Wani abokin aikina da ke Croydon, tafiyar da ba ta kai daga Fagge zuwa Wudil ba, yana biyan fiye da ninki biyu na wannan. Tasu hukumar ce ta fito a Nuwamba 2020 ta ce asusunta ya ƙare, kuma a zaɓen nan jama'a suka hukunta Labour a can, suka ba ɗan Conservative, Jason Perry, kujerar magajin gari.

Me ake samu da kuɗin? Shara ita ce ta farko. Mota na zuwa layinmu sau ɗaya a mako, rana sananniya, takardu da kwalabe a leda daban. Fitilun titi, share hanya, filayen shaƙatawa, cike ramukan ƙananan tituna, duk nasu ne. Laburaren unguwa kyauta ne, da kwamfuta da intanet da ɗumi lokacin sanyi, can nake kai yara ranar Asabar. Tsofaffi suna da katin shiga bas da jirgin ƙasa kyauta, ƙananan hukumomi ne ke biya. Amma kaso mafi tsoka yana tafiya ne wajen abin da mu a gida ba hukuma ke yi ba: kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da iyayensu suka kasa riƙewa. Aikin da Anti take yi wa Hajiya, a nan ma'aikaciya ce ake biya ta zo ta yi wa tsohuwa wanka ta tafi. Na fi son namu, gaskiya, duk da na san Anti ce ke shan wahalar ba ni ba.

Asibiti ba nasu ba ne, na hukumar lafiya ta ƙasa ne, wato NHS. Ruwa da wuta da gas na kamfanoni ne, kuma a nan ne kowa yake kuka. Wutar ba ta ɗaukewa, tun zuwana ban ji ƙarar janareta ba, amma a watan Afrilun 2022 aka ɗaga farashin makamashi da kashi 54 cikin ɗari. Gwamnati ta ce a mayar wa gidajen aji A zuwa D fam 150 ta hannun ƙananan hukumomi. An gode, sai dai bai taka kara ya karya ba. Ga kuma Firaministan lokacin, Boris Johnson, da 'yan sanda suka ci tara a Afrilun 2022 saboda shagali a lokacin kullen korona, alhali mutane sun binne iyayensu ba tare da jama'a ba. Laifin babba ne ya shafi ƙanana.

Inda nake ganin Conservative suka yi wa kansu illa a nan shi ne gidaje. Je ka bakin kogi wajen Nine Elms da tsohuwar tashar lantarki ta Battersea ka ga benaye na gilashi, da yawansu ba mai albashi irin nawa da zai kusance su. Jerin masu jiran gidan hukuma kuwa sai a shekara da shekaru ana kai. Kusan rabin abin da nake samu haya ke cinyewa, a ɗaki biyu da bai kai zauren gidanmu da shagon gefensa ba. Labour sun yi wayo, suka ce harajin zai zauna da arharsa, kuma za su gina gidajen hukuma. Yadda za a haɗa biyun, mu dai 'yan kallo ne.

Kansila a nan ba shi da jiniya ko 'yan rakiya. Alawus ake ba shi, yawancinsu suna da aikinsu na yau da kullum. 'Yar takarar da ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da azumi ita kaɗai ta zo, da jaka a kafaɗa, ba ta ba ni ko sabulu ba, ta dai tambaye ni abin da ke damuna a layin. Shugaban hukumar ma ba mu muke zaɓensa ba, kansilolin jam'iyya mai rinjaye ne ke fitar da shi daga cikinsu.

Da na ga sakamakon sai na tuna zaɓenmu na Janairu 2021, da APC ta kwashe shugabanni 44 da kansiloli 484 a Kano, ba a bar ko ɗaya ba. Na san za ka ce a jihohin PDP ma haka ake yi, kuma gaskiyarka. A nan jam'iyyar da ke mulkin ƙasa a lokacin ce aka ƙwace wa gidan da ta fi ji da shi, shugaban hukumar Ravi Govindia ya sauka, motar shara kuma ta zo ranar da ta saba.

Maganar takararka ta kansila da ka taɓa yi mini, mu yi waya ranar Lahadi bayan La'asar ɗinku. Ka kuma tambayar mini kuɗin buhun siminti yanzu kafin in turo na ginin.

Ƙaninka.